INA LITTAFIN HANYAR JIRGI?

Da asubahin ran 29 ga watan Mayu, 2025, ruwa ya auka wa garin Mokwa cikin Jihar Neja, ya share gidaje a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, mutane suna barci. Gawa fiye da 150 aka ƙidaya cikin 'yan kwanakin farko, ban da waɗanda aka gaji da nema ba a gan su ba. An yi ruwan sama mai ƙarfi a daren, wannan ba mai musu. Amma mutanen garin, da manema labaran da suka je wurin, sun ba da wani bayani wanda ya kamata kowane ɗan ƙasar nan ya tsaya ya saurara. Sun ce a gefen garin akwai dogon tudun ƙasa wanda aka shimfiɗa hanyar jirgi a kansa, a ƙarƙashinsa kuma akwai kwalbatoci da ruwa ya saba bi ya wuce. Shara da karikitai suka toshe kwalbatocin, ruwa ya yi ta taruwa a bayan tudun kamar tafki, har tudun ya kasa riƙewa, ya fashe a kan mutane.

Ku duba fa, jama'a. Ba kan jirgi ne ya kauce ba, ba kuwa direba ne ya yi ganganci ba. Ramin wucewar ruwa ne ya toshe, aikin da 'yan leburori da shebur da kwando za su iya gamawa tun da rani. Tambayarmu ga masu riƙe da mulki ita ce: wa aka ɗora wa duba kwalbatocin nan? Yaushe ya duba su na ƙarshe? A wane littafi aka rubuta? In akwai littafin, a fito da shi mu gani. In kuwa babu, to ba Mokwa kaɗai ke kwana ƙarƙashin irin wannan tudu ba, don hanyar jirgi ta ratsa garuruwa da ƙauyuka masu yawa, daga Ikko har Nguru, daga Fatakwal har Maiduguri.

SHEKARUN HANYA

Bari mu tuna wa masu karatu shekarun abin da mu ke magana a kai. A 1896 aka fara aikin hanyar jirgi daga Ikko, ta isa Ibadan a 1901. Wadda aka taso da ita daga Baro, a bakin Kwara, ta shiga Kano a 1911, a 1912 kuwa aka haɗe su suka zama abu ɗaya. Kafin a buɗe gadar Jebba a 1916, a jirgin ruwa a ke ɗora taragu a ƙetare Kwara da su. Hanyar gabas ta tashi daga Fatakwal ta kai Inugu a 1916 sabo da kwal. Reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930, gadar Makurdi a kan Binuwai a 1932. Autarsu ita ce ta Barno, wadda ta tashi daga Kuru kusa da Jos ta isa Maiduguri a 1964. Duka-duka tsohuwar hanya, mai faɗin ƙafa uku da inci shida, ta kai kimanin kilomita 3,500. Watau autar ma ta ba shekara sittin baya, gadar Jebba kuwa ta haura ɗari.

Turawa sun shimfiɗa ta ne don gyaɗa da auduga da kuza da fatu su isa bakin teku. Amma da za su tafi ba su naɗe ta sun tafi da ita ba. Ta zama gadonmu, har a 1964 ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3 cikin shekara guda. Wanda ya gaji gida kuwa ya gaji yaɓensa.

In ka tambayi manya dalilin lalacewar hanya, amsarsu ta farko ita ce ta tsufa. Mu ba mu karɓi wannan ba, ga kuwa hujjarmu. Kamfanin Sir William Arrol na ƙasar Sikotlan, wanda ya gina gadar Makurdi, shi ne ya gina wata babbar gadar jirgi a can ƙasarsu, a kan mashigin ruwan Forth, aka buɗe ta a 1890. Ta girmi ta Makurdi da shekara 42. Duk da haka jirage ba su daina hawanta ba, wajen ɗari biyu kowace rana. Ƙarfenta ba daga sama ya faɗo ba. Tun da aka buɗe ta a ke bin ta da guduma da fenti, a kankare tsatsa, a canza ƙusar da ta saki. Babban fentin da aka gama mata a 2011 ma shekara goma aka yi ana yinsa. Tsufa gaskiya ne, amma tsohon da a ke kai wa likita dabam ya ke da wanda aka rufe a ɗaki aka manta.

YADDA HANYA KE LALACEWA

Hanyar jirgi abu huɗu ne a kan juna: ƙasar da aka tara aka daddanne, tsakuwa a kanta, silifa cikin tsakuwa, watau gungumen nan da a ke jerawa a gicciye, sa'an nan ƙarafa biyu da aka ɗaure a kan silifa. Kowanne da abin da ke cinsa. Silifar katako gara da ruɓa, ta ƙarfe tsatsa, ta kankare kuwa tsagewa. Kowace kilomita tana da silifa fiye da dubu, kowace silifa da maɗauran da ke riƙe ƙarfe. In maɗaurai suka saki a jere, nauyin jirgi sai ya tura ƙarafan su buɗe, ƙafar tarago ta faɗa tsakani.

Babban abokin gaban hanya shi ne ruwa. Amfanin tsakuwa shi ne ta raba nauyi, ta kuma bar ruwa ya tsiyaye. In ƙasa da ciyawa suka cika ta, sai ruwa ya kwanta, ƙarƙashinta ya zama taɓo, duk jirgin da ya wuce ya ƙara dannawa, har hanya ta lotsa gefe ɗaya. A gada kuwa ruwan damina ya kan ƙwaƙule yashin da ke gindin ginshiƙi. Daga sama ka ga gada lafiya lau, alhali ƙafarta a rataye ta ke. Ba a ganin wannan ta tagar ofis, sai an shiga kogi da rani an auna.

Sai kuma zafi da sanyi. Ƙarfe ya kan miƙe in ya sha rana. Ƙarfen hanya mai tsawon kilomita guda, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, ya kan nemi ƙarin tsawo na kusan santimita 35, watau fiye da ƙafa guda. Shi ya sa a tsohuwar hanya a ke barin 'yar tazara a kowace mahaɗa. In tazarar ta cike, ko aka kwashe tsakuwar da ke tokare silifa, to da tsakar ranar bazara ƙarfe ba shi da inda za shi sai gefe, ya lanƙwashe kamar maciji. Da sanyin hunturu kuma ya kan tsuke, in akwai tsaga a ɓoye sai ya karye. Irin tsagar nan tun tana ciki ido ba ya ganinta, amma akwai na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe ta nuna inda ta ke, kamar yadda likita ke duba cikin mai juna biyu.

Duk waɗannan ba wanda ke zuwa dare ɗaya. Kowannensu ya kan yi sallama tun da nisa. Abin bukata shi ne mai jin sallamar, da littafin da zai rubuta a ciki, da mai karanta littafin wanda ke da ikon sakin kuɗi.

AWON HAƊARI

Masu ilmin wannan aiki suna da hanyar da su ke bi, ba kuwa wani sihiri a cikinta. Da fari a ƙidaya dukiya. Kowace gada, kowane kwalbati, kowane tudu, kowace mararrabar da a ke sauya wa jirgi hanya, a ba ta lamba, a rubuta shekarar gininta, da abin da aka gina ta da shi, da halin da aka same ta ciki. Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin sito ya san abin da bai shiga littafi ba ba mai tambayarsa, ranar da ya ɓace ma ba mai sani.

Sa'an nan a yi wa kowane abu tambaya biyu. Ta ɗaya, yaya kusancinsa da lalacewa? Ta biyu, in ya lalace wa zai shafa, kuma mutum nawa? A ba kowace amsa maki daga ɗaya zuwa biyar, a ninka wannan da wancan. Ga misali. A ce ga kwalbati biyu, duka sun toshe rabi. Na farko yana cikin daji, a reshen da jirgi ba ya bi, in ya cika ruwa zai malala cikin fadama ba kowa. Makinsa huɗu sau ɗaya, huɗu ke nan. Na biyu yana saman unguwa cike da gidaje. Makinsa huɗu sau biyar, ashirin. Kuɗin hannu kuwa na gyaran ɗaya ne. Ko yaron elementare ya san inda za a fara. Amfanin awon ke nan. Ba ƙasar da kuɗinta ya isa ta gyara kome cikin shekara guda, sai dai ta san wanda zai iya jira da wanda ba ya jira.

Abin da ba a iya gyarawa bana kuma ba a barinsa haka nan. A rage gudun jirgi a wurin, a rage nauyin kayan da ke hawa gadar, a sa mai gadi ya kwana kusa da ita cikin damina da jar tuta da fitila, in ya faskara a rufe wurin gaba ɗaya. Rage gudu ba ya cin kwabo, sai dai ya tona asirin cewa hanya ba ta da lafiya, shi ya sa manya ba su sonsa.

Daga wannan jeri ne a ke fitar da tsarin gyara, kuma a ƙasarmu yanayi ya riga ya rubuta mana rabinsa. Da rani ruwa ya janye, lokacin shiga ƙarƙashin gada ke nan, da kankare tsatsa da fenti. Kafin bazara ta tsananta a bi mahaɗai a auna tazara, a cika tsakuwa. Kafin ruwan fari a yashe kowane kwalbati da lambatu. Cikin damina kuwa, duk daren da aka sha ruwa mai ƙarfi, kada jirgin fasinja ya bi wuraren da aka sa wa jar alama sai mutum ya taka da ƙafa ya gani. Bayan wannan na shekara-shekara akwai na dogon zango: a san cewa ƙarafan wuri kaza za su ƙare nan da shekara biyar, gadar wuri kaza za ta bukaci babban aiki nan da goma, a fara tanadi tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA YA SAMI MASU JIRGIN

Kada wani ya ce wannan cuta tamu ce mu kaɗai. Ƙasar da ta kawo mana jirgin ita ma ta ɗanɗana kuɗar sakaci, sai dai can a kan bi diddigi, a buga sakamako kowa ya karanta. Ran 17 ga Oktoba, 2000, wani jirgin fasinja da ya taso daga Landan ya kauce kusa da garin Hatfield, mutum huɗu suka mutu. Ƙarfen hanya ne ya farfashe a ƙarƙashinsa, gutsure wajen ɗari uku. Da aka bincika sai aka tarar an san ƙarfen ya tsattsage tun watanni, har an kawo sabon da za a sa an ajiye, amma ba a sa ba, ba a kuma rage gudu a wurin ba. Bayan haɗarin tsoro ya sa aka rage gudu a ɗaruruwan wurare, don kamfanin Railtrack mai kula da hanya bai san inda sauran irin wannan ƙarfe su ke ba. Cikin shekara guda kamfanin ya durƙushe.

Ran 12 ga Agusta, 2020, a Carmont cikin Sikotlan, ruwan sama ya kwaso tsakuwa da duwatsu daga wani magudanin ruwa ya zuba a kan hanya, jirgi ya hau, direba da kwandasta da fasinja ɗaya suka rasu. Masu bincike suka gano ɗan kwangila bai gina magudanin yadda aka zana ba, kuma ba a shigar da sashensa na sama cikin jerin abubuwan da a ke dubawa ba, don haka shekara da shekaru ba wanda ya leƙa shi. A 2023 kotu ta ci hukumar hanyar tarar fam miliyan 6.7. A Hatfield an sani ba a yi ba. A Carmont ba a rubuta ba balle a sani. Can ke nan, inda akwai littafi da masu dubawa. To ina ga inda littafin ma a ke tambaya?

GYARAN BIKI

Mu dawo gida. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Tun daga bayan yaƙin basasa salon gwamnatocinmu da ita ɗaya ne, na soja da na farar hula. A bar hanya ta lalace shekara goma ko sha biyar, sa'an nan a kira baƙi a ba su babbar kwangila. A 1979 aka ɗauko kamfanin RITES na Indiya ya riƙe reluwe shekara uku, abubuwa suka ɗan farfaɗo, da suka tafi aka koma gidan jiya. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 528. A 2009 aka sake ba da kwangilar gyaran Ikko zuwa Jebba da Jebba zuwa Kano, a watan Disamba na 2012 jirgin fasinja daga Ikko ya sake shiga Kano, aka yi ta murna. Mokwa kuwa a kan wannan hanya ta ke, tsakanin Jebba da Minna. Ba a cika shekara goma sha uku da bikin ba aka wayi gari da abin da muka buɗe wannan magana da shi.

Dalilin wannan salo ba ɓoyayye ba ne. Sabuwar kwangila tana da ranar yanka ƙyalle, da hoton minista a jarida, da allo mai sunan shugaba. Yashe kwalbati ba shi da ko ɗaya. Ba a taɓa kiran maroƙa don jirgi ya wuce lafiya ba. Injiniyan da ya hana haɗari ba mai sanin sunansa, tun da abin da ya hana bai auku ba. Sabo da haka in kuɗi ya yi ƙaranci kason gyara a ke fara yankewa, a ce a lallaɓa zuwa baɗi. Gyaran da aka ɗage kuwa bashi ne mai ruwa. Kwalbatin da aka ƙi yashewa bana, baɗi sai an sake tada tudu, wani lokaci har da haƙa kaburbura.

Masu mulki za su ce ai yanzu an shiga zamanin sabuwar hanya mai faɗi, a bar maganar tsohuwa. Madalla da sabuwar hanya: Abuja zuwa Kaduna a 2016, Itakpe zuwa Warri a 2020, Ikko zuwa Ibadan a 2021. Amma sabuwa tun ranar da aka buɗe ta ta ke fara tsufa. Ran 26 ga Agusta, 2025, jirgin da ya taso daga Abuja da mutum 618 ya kauce a tashar Asham, a kan hanyar da ta ke da shekara tara kacal. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma wasu sun ji raunuka. Rahoton farko na Hukumar Binciken Haɗurra ya nuna wata goma sha uku kafin nan wani jirgi ya kauce a wurin, silifar da ta lalace aka yi mata faci maimakon a canza ta, na'urar sauya hanya kuma ba ta aiki, da hannu a ke juyawa. In haka hanya mai shekara tara ta ke, tun ba a gama biyan bashin gininta ba, yaya za ta kasance in ta kai shekarun gadar Jebba?

UZURI UKU

Mun san amsoshin da za a ba mu, don mun sha jinsu.

Na ɗaya, babu kuɗi. Ƙasar da ta iya ciwo bashin dala fiye da biliyan guda don sabuwar hanya ba za ta ce ta rasa kuɗin shebur da fenti ba. Ga shi kuwa ƙidayar da mu ke nema ita ce mafi arha cikin aikin duka, tun da ƙafa da ma'auni da takarda ta fi bukata.

Na biyu, ɓarayi. Gaskiya ne ana kwance ƙarafa da silifa da maɗaurai a sayar wa masu narka ƙarfe, an sha kama motoci shaƙe da su. Gaskiya ne kuma ran 28 ga Maris, 2022, 'yan ta'adda sun dasa bam a hanyar Abuja zuwa Kaduna, suka kashe fasinjoji, suka sace wasu da dama. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A da an raba hanya gunduwa-gunduwa, kowace da heluma da leburorinsa, gidajensu a bakin hanya, kullum safiya mutum ya bi rabonsa a ƙafa, da guduma da sifana a kafaɗa. Hanyar da a ke takawa kowace safiya ba a kwance mata mil guda a ɓoye.

Na uku, ƙaddara. Ba mu musun ƙaddara. Amma mai faɗin haka a kan kwalbati shi ne ke kai motarsa gareji kafin ya kama hanya, shi ne kuma ke sa a gyara indararon gidansa kafin damina. Abin da ya ke yi wa gidansa shi mu ke so ya yi wa dukiyar jama'a da aka ba shi amana.

ABIN DA MU KE NEMA

1. A ƙidaya kowace gada da kwalbati da tudu da mararraba, a tsohuwar hanya da sabuwa, a rubuta halin da kowanne ke ciki, da ranar da aka duba shi, da ofishin da ke da alhakinsa.

2. A jera su bisa girman haɗarinsu, a kai jerin gaban Majalisa kowace shekara tare da kasafin kuɗi, a buga shi jama'a su karanta, da Hausa da sauran harsunan garuruwan da hanya ta ratsa.

3. A keɓe kuɗin gyara dabam, yadda ba ministan da zai karkatar da shi. Kada Majalisa ta ƙara yarda da bashin sabuwar hanya sai an nuna mata abin da kula da ita zai ci kowace shekara, da inda zai fito.

4. A ba mai duba hanya, kome ƙanƙantarsa, ikon rage gudun jirgi ko tsayar da shi, a kuma hana a hore shi don ya yi haka.

5. A mai da leburori bakin hanya, a biya su a kan kari, a haɗa samari da tsofaffin ma'aikatan da suka san inda ruwa ke cin hanya, tun ba su tafi da saninsu ba.

6. Reshen da jirgi ya daina bi, ko dai a ci gaba da yashe kwalbatocinsa, ko a fasa tudun a ba ruwa hanya. Tun 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi ma suka sami ikon shiga harkar jirgin ƙasa, sabo da haka gwamnoni su daina cewa maganar Abuja ce.

7. Duk rahoton da Hukumar Binciken Haɗurra ta fitar, a tilasta wa masu kula da hanya su ba da amsa a rubuce, su faɗi abin da suka gyara da ranar da suka gyara.

NAMU LAIFIN

Ba za mu rufe ba sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Sharar da ke toshe kwalbati wani ne ke zubawa. Tsakuwar hanya da ke ɓacewa a ginin wani ta ke ƙarewa, ƙarfen sata kuma da babu mai saye da ba a kwance shi ba. Masu kasa kaya a kan hanya, da masu gini a bakin magudanin ruwa, 'yan'uwanmu ne. Muna roƙon masu unguwa da dattawa su tsawata. Wanda ya ga kwalbati ya toshe, ko ruwa ya kwanta a bayan tudun jirgi, ya kai ƙara tasha mafi kusa da wurin hakimi, a rubuce, ya ajiye kwafi da kwanan wata, don kada a ce gobe ba a sani ba.

Amma laifin talaka ba ya wanke mai riƙe da amana. Shi aka ba kuɗi, shi aka ba ma'aikata, shi ya rantse. Ya ku masu karatu, duk wanda garinsa ke bakin hanyar jirgi, in wakilinku na Majalisa ya zo gida ku kai shi gindin tudun ya leƙa kwalbatin da idonsa, sa'an nan ku tambaye shi lambarsa a littafi da ranar da aka duba shi na ƙarshe. In ya ce bai sani ba, ku ce ya koma ya tambayo, kuna jiran amsa kafin ruwan fari. Mutanen Tiffin Maza ba su sami wanda ya yi musu wannan tambaya ba. Allah ya ji ƙansu, ya kiyaye sauran.